Tarayyar Sobiyet: Tambayoyi da amsoshi kan rikicin shugabanci, tsarin tattalin arziki da hulɗa da ƙasashen waje

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban tarihi da na kimiyyar siyasa suke yawan maimaitawa idan karatu ya kawo su kan Tarayyar Sobiyet, musamman waɗanda aka haifa bayan ƙasar ta riga ta wargaje. An sa musu lamba don a ji daɗin komawa daga wata amsa zuwa wata, domin a Tarayyar Sobiyet rigimar kujera da maganar abinci da maganar maƙwabta a tukunya ɗaya ake dafa su.

1. Mece ce Tarayyar Sobiyet? Ita ce Rasha ta yau?

Ba ita ba ce, kodayake Rasha ce uwa a cikinta. An kafa tarayyar a watan Disamba na 1922, shekara biyar bayan juyin juya halin 1917 da Lenin ya jagoranta, ta kuma wargaje a Disamban 1991. A ƙarshen zamaninta tana da jamhuriya 15, ciki har da Rasha da Yukiren da Belarus da Jojiya da Kazakistan da Uzbekistan. Babban birninta Mosko. Jam'iyya ɗaya ce tak aka yarda da ita, wato Jam'iyyar Kwaminis, kuma gwamnati ce ke da masana'antu da bankuna da ma'adinai da ƙasar noma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ci rayukan mutanenta kimanin miliyan 27, ta zama ɗaya daga cikin ƙasashe biyu mafi ƙarfi a duniya. Ta gwada bam ɗin nukiliya a 1949, daga nan ita da Amurka suka shiga abin da ake kira Yaƙin Cacar Baka.

2. Wane ne ainihin mai iko: shugaban ƙasa, firaminista, ko shugaban jam'iyya?

Shugaban jam'iyya. Wannan yana rikita masu karatu da yawa, saboda a takarda akwai majalisar ƙoli da shugabanta, akwai kuma majalisar ministoci da firaminista. Amma ikon gaske yana hannun 'yan tsirarun mutane da ke zama a Politburo, ƙaramin kwamitin ƙoli na jam'iyya, wanda daga 1952 zuwa 1966 ake kiransa Presidium. Ƙarƙashinsa akwai Kwamitin Tsakiya na jam'iyya, kuma a ƙa'ida shi ne ke zaɓen Babban Sakatare. Wanda ke riƙe da sakatariya shi ke naɗa sakatarorin larduna, su kuma su ne ke cika kujerun Kwamitin Tsakiya. Ka ga ke nan mutum yana naɗa waɗanda za su zaɓe shi.

Babban giɓin da ke cikin tsarin shi ne babu wa'adin mulki, babu kuma rubutacciyar hanyar miƙa shi. Lenin da Stalin da Brezhnev da Andropov da Chernenko duk a kan mulki suka mutu. Khrushchev abokan aikinsa ne suka tsige shi, Gorbachev kuwa ƙasar ce ta zame daga ƙarƙashinsa. Duk rigingimun da ke tambaya ta 3 zuwa ta 6 daga wannan giɓi suka fito.

3. Ta yaya Stalin ya kayar da waɗanda suka fi shi suna?

Lokacin da Lenin ya mutu a Janairun 1924, Trotsky ne aka fi sani. Shi ya gina rundunar sojan juyin juya hali, ga shi da baki da alƙalami. Stalin kuwa tun 1922 yake riƙe da ofishin Babban Sakatare, aikin da manyan jam'iyya suka ɗauka na tura takardu ne kawai. Lenin ma ya bar wasiyya yana ba da shawarar a cire shi daga kujerar saboda tsaurin halinsa, amma sauran shugabanni suka rufe maganar don tsoron Trotsky ya fi damun su.

Stalin ya fara haɗa kai da Zinoviev da Kamenev aka karya Trotsky. Sai ya juya ya haɗa kai da Bukharin aka karya waɗancan biyun. Bukharin yana goyon bayan a bar manoma su sayar da amfaninsu a kasuwa, kamar yadda sabon tsarin tattalin arziki na 1921 ya ba da dama. Da aka gama da sauran, Stalin ya ɗauki manufar gaggauta gina masana'antu, wadda a da yake sukar abokan hamayyarsa a kanta, ya yi amfani da ita ya kayar da Bukharin. An kori Trotsky daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe shi a 1940. Zinoviev da Kamenev an harbe su a 1936, Bukharin a 1938. Abin lura a nan shi ne manufar tattalin arziki ta zama makamin faɗan kujera, kuma za a sake ganin haka a tambaya ta 4.

4. Me ya faru bayan mutuwar Stalin a 1953?

Stalin ya mutu ranar 5 ga Maris 1953 bai bar magaji ba. Malenkov ya zama firaminista, Beria ya riƙe hukumomin tsaro da 'yan sandan ciki, Molotov ya koma harkokin waje. Khrushchev ba ya cikin waɗanda ake sa wa ido. Abin da ya haɗa kan sauran shi ne tsoron Beria, mutumin da ke da fayil a kan kowannensu, kuma duk sun ga yadda aka yi da na gabansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A watan Yuni aka kama Beria ana tsakiyar taro, da taimakon hafsoshin soja ciki har da Marshal Zhukov, aka kashe shi a Disamba.

Daga nan faɗan ya koma tsakanin Malenkov da Khrushchev, wanda ya karɓi shugabancin jam'iyya a Satumban 1953. Malenkov ya ce lokaci ya yi da za a ba kayan masarufi muhimmanci, tufafi da takalma da abinci. Khrushchev ya haɗa kai da soja da shugabannin manyan masana'antu, ya zarge shi da sakaci da ƙarfin ƙasa. Malenkov ya sauka a Fabrairun 1955, daga baya kuma Khrushchev da kansa ya riƙa yin alkawarin nama da madara da gidaje, wato abin da ya soki wancan a kai.

A Yunin 1957 Malenkov da Molotov da Kaganovich suka sami rinjaye a Presidium don su cire Khrushchev. Ya ƙi sauka, ya ce Kwamitin Tsakiya ne ya zaɓe shi, shi kaɗai zai iya cire shi. Zhukov ya ba da jiragen soja aka kwaso mambobin kwamitin daga larduna, galibinsu mutanen da Khrushchev ya naɗa, reshe ya juye da mujiya. Amma ba a harbe kowa ba. An tura Molotov jakada a Mongoliya, Malenkov ya koma kula da tashar wutar lantarki a Kazakistan. A ganina wannan shi ne canji mafi girma a siyasar ƙasar bayan Stalin, domin daga nan wanda ya faɗi yana rasa kujerarsa ne, yana tsira da ransa. Zhukov kuwa wata huɗu kacal ya ƙara, aka sauke shi a Oktoba, don wanda ya iya ceto ka zai iya kayar da kai.

5. Mene ne "jawabin sirri" na 1956, kuma me ya sa Khrushchev ya yi shi?

Ranar 25 ga Fabrairun 1956, a ƙarshen babban taron jam'iyya karo na 20, Khrushchev ya shafe sa'o'i yana karanta wa wakilai laifuffukan Stalin a zaman da aka hana baƙi shiga: azabtar da 'yan jam'iyya, kashe hafsoshin soja gab da yaƙi, kwashe ƙabilu ɗungurungum zuwa wasu yankuna, da mai da kansa abin bauta. Sirrin bai daɗe ba, cikin 'yan watanni jaridun Yamma suka buga shi.

Dalilansa biyu ne, kuma ina ganin duka na gaske ne. Akwai nauyin da ke zuciyarsa, tunda shi ma da hannunsa a abin da aka yi a Mosko da Yukiren. Akwai kuma lissafi, domin Molotov da Kaganovich da Malenkov sun fi shi kusa da Stalin, duk laka da aka watsa wa mamacin sai ta fi taɓa su. Jawabin bai taɓa batun tilasta wa manoma shiga gonakin gandu ba, bai kuma tuhumi jam'iyya ba. Duk da haka dubban fursunonin siyasa sun koma gida, a 1961 aka fitar da gawar Stalin daga kusa da ta Lenin. A waje kuwa jawabin ya tayar da ƙura a Hungari ya kuma ɓata wa Mao, shugaban Sin, rai, duba tambaya ta 11 da ta 12.

6. To me ya sa aka tsige shi a 1964?

Ya ɓata wa kowane rukuni mai ƙarfi rai. Ya rage yawan sojoji. A 1957 ya rushe yawancin ma'aikatun masana'antu na Mosko ya mai da ikonsu yankuna. A 1962 ya raba rassan jam'iyya gida biyu, na noma da na masana'antu, sakatarorin larduna suka ga an yanka musu iko rabi. Ga gazawar noma da ke tambaya ta 9, ga kunyar Kyuba da ke tambaya ta 12. A Oktoban 1964 yana hutu a bakin Baƙin Teku aka kira shi Mosko, ya tarar an gama shiri. Wannan karon Kwamitin Tsakiya ma ba ya tare da shi. Brezhnev ya karɓi jam'iyya, Kosygin ya karɓi gwamnati, Khrushchev kuma ya zauna a gida yana karɓar fansho har ya mutu a 1971.

Brezhnev ya koyi darasi daga faɗuwar Khrushchev: kada ka taɓa kujerun manya. Ya bar kowa a inda yake, shugabanni suka tsufa tare. Shi ya mutu a Nuwamban 1982, Andropov a Fabrairun 1984, Chernenko a Maris 1985. Jana'izar shugabanni uku ke nan cikin ƙasa da shekara uku.

7. Yaya shirin shekara biyar yake aiki?

Hukumar tsare-tsare mai suna Gosplan, wadda aka kafa a 1921, ita ke zama ta ƙayyade tan nawa na ƙarfe da kwal da siminti da alkama za a samar. Ana rarraba adadin ga ma'aikatu, su rarraba wa masana'antu, kowace masana'anta a gaya mata abin da za ta ƙera, wanda zai kawo mata kayan aiki, wanda za ta kai wa, da farashin. Shirin farko ya fara a 1928. Shirin shekara biyar shi ne babban hoto, amma abin da ke hana manaja barci shi ne na shekara da na wata.

Kada a raina abin da tsarin ya yi. Cikin shekara goma aka gina birnin ƙarfe na Magnitogorsk da madatsar ruwa ta kogin Dnieper da masana'antun tarakta. A 1941 aka kwance masana'antu fiye da 1,500 aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa gabas don kada su faɗa hannun Jamus. A 1957 ƙasar ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a 1961 Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a sararin samaniya. Idan aiki ɗaya ne babba, kuma ana shirye a zuba masa duk abin da ake da shi ko da mutane za su sha wuya, tsarin yana iya yi.

8. In haka ne, me ya kawo dogayen layuka a shaguna?

Domin rayuwar yau da kullum ba aiki ɗaya ba ce, dubban ƙananan abubuwa ne, kuma ofis ɗaya a Mosko ba zai san girman takalmin da ake nema a Tashkent ba. Ana auna masana'anta da yawan abin da ta fitar, ko an saya ko ba a saya ba. In an ce a auna ƙusa da nauyi, sai a ƙera manya. In an ce da ƙidaya, sai a ƙera ƙanana. Tunda gwamnati ce ke yanka farashi, farashin ba ya nuna abin da ya yi ƙaranci, layin da ke ƙofar shago ne yake nunawa.

Manaja mai wayo yana ɓoye ainihin ƙarfin masana'antarsa, domin in ya zarce adadin bana da yawa, baɗi za a ɗora masa fiye da haka. Yana tara kayan aiki da ma'aikatan da ba ya buƙata saboda gudun ranar da kaya ba za su iso ba. Yana kuma ajiye mutum na musamman da ake kira tolkach, mai yawo gari-gari yana nemo ƙarfe ko waya ta hanyar sanayya da kyauta. Ƙara gishiri a alkaluma ma har suna yake da shi, pripiski.

Labarin lardin Ryazan ya nuna inda abin ke kaiwa. A 1959 shugaban jam'iyya na lardin, Larionov, ya yi alkawarin ninka naman da ake bayarwa sau uku cikin shekara ɗaya, don ya faranta wa Khrushchev da ke son a kamo Amurka. Aka yanka shanun tatsa da na kiwo, aka sayo nama daga lardunan maƙwabta da kuɗin da aka ware wa wasu ayyuka, aka ba shi lambar yabo mafi girma. Shekara na zagayowa garke ya ƙare, asiri ya tonu, Larionov ya mutu a 1960. A Uzbekistan kuwa an shafe shekaru ana karɓar kuɗin audugar da ba a noma ba, sai a farkon shekarun 1980 aka fara bincike. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu tsara shirin gaba da waɗannan alkaluma suke aiki, don haka ƙaryar bana ita ce harsashin lissafin baɗi.

9. Me ya sa ƙasa mai faɗin nan ta riƙa sayen hatsi daga waje?

Bahaushe zai gane wannan da sauri in ya tuna gandu da gayauna. Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma haɗa gonakinsu da dabbobinsu a gonar haɗaka mai suna kolkhoz. Sai dai wannan gandu ba na uba ba ne da ke ciyar da iyali daga rumbu, na gwamnati ne, tana kwashe hatsin a farashin da ta ga dama don ta ciyar da birane ta kuma sayar a waje ta sayo injuna. Manoma da yawa sun gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa su. Waɗanda aka kira masu hali an kwashe su zuwa Saiberiya. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane, ta fi muni a Yukiren da Kazakistan. Daga baya aka bar wa kowane gida ɗan fili na kansa, wato gayauna. Waɗannan filaye ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona daga cikinsu yake fitowa, musamman dankali da ƙwai da kayan lambu.

Khrushchev ya so ya warware matsalar da sauri. A 1954 ya tura dubban matasa su buɗe sababbin gonaki a Kazakistan da Saiberiya. Shekarun farko an samu, daga baya fari da iska suka cinye ƙasar. Ya kuma ƙwallafa rai a kan masara, har ya ziyarci gonar masara a jihar Iowa ta Amurka a 1959, jami'ai kuma suka riƙa shuka ta har inda sanyi ba zai bar ta ta nuna ba. A Yunin 1962 aka ƙara kuɗin nama da man shanu, ma'aikata suka yi zanga-zanga a Novocherkassk, sojoji suka buɗe wuta aka kashe fiye da mutum 20, aka ɓoye labarin shekaru da yawa. Bayan mummunar kakar 1963 aka fara sayen alkama mai yawa daga Kanada, a 1972 kuma aka yi babban saye daga Amurka. Stalin ya bar mutane da yunwa ya sayar da hatsi, magadansa sun zaɓi su sayo, kuma wannan zaɓi ya fi mutunci, sai dai ya ɗaure ƙasar da neman kuɗin waje.

10. Ba a taɓa ƙoƙarin gyara ba kafin Gorbachev?

An yi. A 1965 Kosygin ya kawo gyaran da zai sa a auna masana'anta da abin da ta sayar da ribar da ta samu, bisa shawarwarin masana irin su Liberman. Ma'aikatu ba su so ba don ikonsu zai ragu, kuma farashin yana nan a hannun gwamnati, don haka ribar ba ta da ma'ana sosai. Da aka murƙushe masu neman sauyi a Chekoslobakiya a 1968, kalmar gyara kanta ta zama abin tsoro. Sai ga man fetur. An gano rijiyoyin Samotlor a Saiberiya a 1965, farashi ya yi tashin gwauron zabi daga 1973, kuɗin mai suka riƙa biyan alkama da injuna da makamai. Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda kuɗin mai ke sa a ɗage gyara. Farashin ya faɗi a 1986, duba tambaya ta 15.

11. Sin da Sobiyet duk 'yan gurguzu ne, me ya raba su?

Sun ƙulla yarjejeniyar ƙawance a 1950, Mosko ta taimaka wajen gina manyan masana'antu 156 a Sin. Amma Mao bai ji daɗin yadda aka tozarta Stalin ba tare da an shawarce shi ba, yana kuma ganin maganar Khrushchev ta zaman lafiya da ƙasashen jari-hujja ja da baya ce. Mosko ta janye alkawarin taimaka wa Sin da bam ɗin nukiliya, a 1960 kuma ta kwashe ƙwararrunta kimanin 1,400, ayyuka suka tsaya cak. Sin ta gwada nata bam ɗin a Oktoban 1964, kwana biyu bayan faɗuwar Khrushchev. A 1969 sojojinsu suka gwabza a kan wani tsibiri a kogin Ussuri. Amurka ta ga ƙofa, shugabanta Nixon ya je Beijin a 1972. Daga nan sai Sobiyet ta girke runduna mai yawa a iyakar gabas baya ga ta Turai, duk a kan tattalin arzikin da aka bayyana a tambaya ta 8.

12. Ya dangantakarta da Amurka da Gabashin Turai take?

A Gabashin Turai dokar ɗaya ce, ba a fita daga sansani. An kafa ƙawancen soja na Warsaw a 1955. Tankoki sun shiga Hungari a Nuwamban 1956, an gina katangar Balin a Agustan 1961 don a tsayar da masu gudu zuwa Yamma, an shiga Chekoslobakiya a Agustan 1968. Yugoslabiya ta Tito kuwa ta kuɓuta tun 1948.

Da Amurka kuwa, lokaci mafi haɗari shi ne Oktoban 1962, da Khrushchev ya kai makamai masu linzami Kyuba. Bayan kwana 13 ana zaman ɗar-ɗar ya yarda ya kwashe su, shugaban Amurka Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye Kyuba ba, ya kuma yarda a asirce zai cire makaman Amurka daga Turkiyya. Da yake ɓangaren Turkiyya a ɓoye yake, duniya ta ɗauka Mosko ce kaɗai ta durƙusa, abokan aikinsa suka riƙe masa wannan. Tsoron da aka ji ya haifar da layin sadarwa na kai tsaye tsakanin shugabannin ƙasashen biyu da yarjejeniyar taƙaita gwajin nukiliya a 1963, sai yarjejeniyar rage tseren makamai ta 1972 da ta Helsinki kan tsaro da haɗin kai a Turai a 1975.

13. Me ya kai ta Afganistan?

Gwamnatin 'yan gurguzu da ta karɓi mulki a Kabul a 1978 ta rabu gida biyu, tawaye kuma ya bazu a karkara. Mosko ba ta amince da shugaba Hafizullah Amin ba. Tsofaffi kaɗan ne suka yanke shawarar, Brezhnev da Andropov da Ustinov da Gromyko, duk da cewa manyan hafsoshi sun nuna shakku. A Disamban 1979 sojoji suka shiga, aka kashe Amin. An zaci aikin 'yan watanni ne, ya kai Fabrairun 1989. Sojojin Sobiyet kimanin 15,000 suka mutu, 'yan Afganistan da suka mutu sun ninka haka sau da yawa, miliyoyi suka yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran. Yaƙin ya zubar da mutuncin Mosko a ƙasashen Musulmi, ya kuma rushe sassaucin da aka samu da Amurka.

14. Wace alaƙa ta yi da Afirka, da Najeriya musamman?

Khrushchev ne ya buɗe wannan ƙofa. Sobiyet ta ba da rance da injiniyoyi aka gina madatsar Aswan a Masar, ta kusanci Sekou Toure na Gini da Nkrumah na Gana, ta kuma buɗe jami'a a Mosko a 1960 don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba. Ta taimaki masu yaƙin neman 'yanci a Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da ƙasashen Yamma ke jan ƙafa. Sai dai ƙawancen na lissafi ne a ɓangarorin biyu. Sadat na Masar ya kori mashawartan sojanta a 1972, ita kuma a 1977 ta bar Somaliya ta koma bayan Habasha ana tsakiyar yaƙin Ogaden.

Najeriya ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ma tana ɗari-ɗari da Mosko. Yaƙin basasa ne ya canza lissafi. Da Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi a 1967, Sobiyet ta kawo jiragen MiG. Gowon ya ziyarci Mosko a 1974, 'yan Najeriya da yawa suka sami gurbin karatun likitanci da injiniya a can. Babban aikin haɗin gwiwar shi ne kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ba kamfanin Sobiyet mai suna Tyazhpromexport kwangilarsa a 1979. Tarayyar ta wargaje ba a kunna babbar tukunyar narka ƙarfen ba.

15. Gorbachev ne ya rushe ƙasar?

Shi bai zo da niyyar rushewa ba. Ya hau a Maris 1985 yana da shekara 54, yana son ya ceto gurguzu. Hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilun 1986, da yadda jami'ai suka fara ɓoye shi, ya ƙara masa yaƙinin cewa ba za a gyara komai ba sai an bar mutane sun faɗi gaskiya. Wannan shi ne glasnost, gyaran tattalin arzikin kuma perestroika. Dokar 1987 ta sassauta ikon Gosplan a kan masana'antu, amma ba a saki farashi ba. Sai ya zama tsohon tsari ya daina aiki, sabo bai tsaya ba. Kuɗin mai sun ragu, yaƙi da shan barasa ya rage kuɗin shiga, aka yi ta buga takardar kuɗi, shaguna suka ƙara bushewa. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a nan ya zama.

A waje ya sa hannu da shugaban Amurka Reagan kan kawar da makamai masu cin matsakaicin zango a 1987, ya janye daga Afganistan, ya je Beijin a Mayun 1989. Da gwamnatocin Gabashin Turai suka fara faɗuwa a wannan shekara ya ƙi tura tankoki, kuma ina ganin rayuka masu yawa sun tsira saboda haka. A gida ya soke dokar da ta ba jam'iyya ikon mulki ita kaɗai a 1990, jamhuriyoyi suka fara neman ballewa, Yeltsin ya ci zaɓen shugabancin Rasha a Yunin 1991.

A watan Agusta shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB da ministan tsaro da mataimakin shugaban ƙasa suka tsare Gorbachev yana hutu a Kirimiya, kusan irin yadda aka yi wa Khrushchev a tambaya ta 6. Amma wannan karon jama'a sun fito titi, Yeltsin ya hau kan tanka, sojoji suka ƙi kai farmaki, juyin ya watse cikin kwana uku. Ranar 8 ga Disamba shugabannin Rasha da Yukiren da Belarus suka sanar cewa tarayyar ta daina wanzuwa. Gorbachev ya yi murabus ranar 25 ga Disamba 1991, a daren aka sauke jar tuta daga kan Kremlin, fadar mulki da ke Mosko.